Ƙashi, gaɓa da tsoka: mu san jikin da ke yi mana noma



Kowane manomi ya san kayan aikinsa. In ƙotar hauya ta tsage, yana gani. In jaki ya fara ɗingishi, tun da safe mai shi zai lura. Makiyayi ya san saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta. Amma akwai abin aiki guda da muke fita da shi kullum ba mu san cikinsa ba. Shi ne jikinmu.

Damina ba ta jiran kowa. Magidancin da ciwon baya ya kwantar sati uku lokacin noman fari, ciyawa ta riga ta cinye masa gona. Yaron da aka ɗaure wa karaya da ƙarfin tsiya yana iya rasa hannu har abada. Saboda haka a wannan wata za mu duba abu uku da ke tafiyar da jiki: ƙashi, gaɓa da tsoka. Wanda ya san yadda suke aiki zai san yadda zai kiyaye su.

Mu fara da ƙafar rago

Ba sai an je babbar makaranta ba. Ranar Layya, ko ranar kasuwa wajen mahauci, ka ɗauki ƙafar rago ka duba da kyau.

Jan naman nan shi ne tsoka. Ka bi tsokar zuwa ƙarshenta. Za ka ga ta zama wani farin abu mai tauri kamar igiya, ya manne a jikin ƙashi. Wannan jijiya ce. Ka buɗe wurin da ƙashi biyu suka haɗu. Bakin kowane ƙashi yana da fari mai santsi da ƙyalli: guringuntsi ke nan. Za ka ga ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. In ka fasa ƙashin, ga ɓargo a ciki.

Duk abin da ka gani a ƙafar ragon nan, akwai irinsa a ƙafarka.

Ƙasusuwa nawa ne a jikin mutum?

Babban mutum yana da ƙashi 206. Jariri ya fi shi yawa, wajen 270 ko fiye, domin wasu ƙasusuwan a rarrabe suke lokacin haihuwa. Yayin da yaro ke girma sai su haɗe.

Ga lissafin, masu karatun yaƙi da jahilci su gwada a kan allo:

- Ƙoƙon kai da fuska: 22
- Cikin kunnuwa biyu: 6
- Ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin harshe: 1
- Ƙashin baya: 26
- Haƙarƙari: 24, wato 12 dama, 12 hagu
- Ƙashin tsakiyar ƙirji: 1
- Hannuwa biyu, daga kafaɗa zuwa yatsu: 64
- Ƙafafu biyu, daga ƙugu zuwa yatsu: 62

In kun haɗa za ku samu 206. Namiji da mace duk ɗaya ne, har yawan haƙarƙari.

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙashi 27. Daga idon sawu zuwa yatsun ƙafa akwai 26. Hannu biyu da sawu biyu sun tashi 106, fiye da rabin ƙasusuwan jiki duka. Shi ya sa hannu ke iya saƙa tabarma, ya tatsi nono, ya riƙe alƙalami.

Ƙashin da ya fi tsawo shi ne na cinya. Wanda ya fi ƙanƙanta yana cikin kunne, tsawonsa wajen milimeta 3, kusan ƙwayar hatsi. Wuyan mutum yana da ƙashi 7. Akuya ma 7, raƙumi ma 7. Har raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai, duk tsawon wuyansa ƙashi 7 ne, sai dai kowane ɗaya dogo ne.

Wannan sani da dubawa aka same shi. Wajen shekara ta 1200 an yi babbar yunwa a Masar. Wani malami likita, Abdul Laɗif na Bagadaza, ya duba ƙasusuwan mamata masu yawa. Tsofaffin littattafan Girka sun ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Shi kuwa ya gani da idonsa ƙashi ɗaya ne, ya rubuta haka. A shekara ta 1895 wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Da shi ake ɗaukar hoton ƙashi, wanda a gidan likita ake kira radiyo.

Ƙashi yana da rai

Mun saba ganin busasshen ƙashi a daji, sai mu ɗauka ƙashi kamar dutse yake. A jikin mai rai, ƙashi yana da jini, yana jin zafi, yana girma. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi kaɗan kaɗan, yana gina sabo, kamar yadda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe. Cikin shekara 10 ko kusan haka, ƙasusuwan babban mutum sun sabunta.

Ayyukan ƙashi huɗu ne:

1. Shi ke tsayar da jiki, kamar dirkoki a rumfa.
2. Yana kare abubuwa masu laushi. Ƙoƙon kai yana kare ƙwaƙwalwa. Haƙarƙari yana kare zuciya da huhu. Ƙashin baya yana kare laka.
3. A cikin ɓargo ake yin jini. Kowace daƙiƙa ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2.
4. Shi ne rumbun wani sinadari mai suna kalsiyom, wanda ke ba ƙashi tauri. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora.

Ƙashin da ke aiki yana ƙara ƙarfi. Tafiya, gudu, daka da noma duk suna gina ƙashi. Mutumin da ya daɗe a kwance, ƙashinsa yana raguwa. Mutum yana tara ƙarfin ƙashi tun yarinta har wajen shekara 30. Bayan haka sai a hankali ya riƙa raguwa. Ga mata raguwar tana sauri bayan sun daina ganin al'ada. Shi ya sa tsohuwa ke iya karya ƙugu ko wuyan hannu da ƴar faɗuwa a tsakar gida.

Gaɓa: inda ƙashi ya sadu da ƙashi

Da jiki ƙashi ɗaya ne, da ba mai iya durƙusawa. Gaɓoɓi ne ke sa mu lanƙwasa. Iri-iri ne.

Akwai gaɓa mai aiki kamar ƙyaure: ta buɗe, ta rufe, hanya ɗaya. Gwiwa, gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu haka suke. Irin wannan gaɓa ba ta son murɗiya. In sawu ya kafe cikin yashi ko rami, jiki kuma ya juya da ƙarfi, gwiwa ce ke ɗaukar wahalar.

Akwai gaɓa mai kama da taɓarya cikin turmi: kan ƙashi mulmulalle ne, yana zaune cikin rami. Kafaɗa da ƙugu haka suke, suna juyawa ko'ina. Ramin ƙugu yana da zurfi, da wuya ƙashin ya fita. Ramin kafaɗa ba shi da zurfi. Shi ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi yawan gocewa, musamman ga ƴan kokowa.

Akwai gaɓa mai juyawa, kamar ta saman wuya, wadda ke sa ka waiwaya dama da hagu.

Akwai kuma wadda ba ta motsi, kamar ɗinkin ƙwarya. Haka ƙasusuwan kai suka haɗu. A kan jariri ba su gama haɗuwa ba, shi ne maɗiga. Takan rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Uwa ta lura: in jariri yana zawo, maɗiga ta faɗa ciki, ruwan jikinsa ne ya ƙare. A ci gaba da ba shi mama da ruwan gishiri da sukari na likita, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Guringuntsi da ruwan nan mai yauƙi su ke hana ƙashi gogar ƙashi. Guringuntsi ba shi da hanyar jini. Motsi ne ke kai masa abinci daga ruwan gaɓa. Saboda haka gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare. Kuma guringuntsin da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Shi ne ciwon gwiwar da ke damun dattawa da yawa.

Jijiya huɗu, suna ɗaya

A Hausa muna cewa jijiya, amma abu huɗu ne daban. Sanin bambancinsu yana taimako in za ka yi wa likita bayani.

Ta farko ita ce hanyar jini. Ta biyu ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki, ta komo da labarin zafi ko sanyi. Ta uku ita ce mai ɗaure tsoka da ƙashi. Ta huɗu ita ce mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa.

Babbar jijiya mai ɗaure tsoka da ƙashi ita ce agara, bayan diddige. Ta fi kowace ƙarfi. Ku tuna ta nan mahauci ke rataye rago duka, ba ta tsinke ba. Yara ma sun san wannan aiki: in sun samu ƙafar kaza, sai su ja farar jijiya, yatsun kazar su dunƙule. Haka yatsunka ke aiki. Yawancin tsokar da ke dunƙule su tana can a sangalin hannu. Ka riƙe sangalinka, ka dunƙule hannu, za ka ji tana motsi.

Tsoka: ita ce mai ja

Jikin mutum yana da tsoka fiye da 600. Ga namiji mai ƙarfi, tsoka takan kai kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Iri uku ce. Akwai wadda ke manne da ƙashi, mai bin umurninka. Akwai ta hanji da hanyoyin jini, mai aiki ba da saninka ba. Akwai ta zuciya, wadda ba ta hutawa dare da rana.

Abu guda za mu riƙe: tsoka ja take yi, ba ta turawa. In saƙo ya zo daga ƙwaƙwalwa sai ta takure, ta gajarce, ta jawo ƙashi. Ba ta iya maida shi da kanta. Saboda haka bibbiyu suke aiki, kamar mutum biyu da igiya ɗaya.

Gwada yanzu. Ɗora hannun hagu a damtsen dama. Lanƙwasa hannun: tsokar gaba ta kumbura, shi ne ƙwanji. Yanzu tura bango da hannun: tsokar baya ce ta yi tauri. Mai daka tana amfani da su duka biyu, tare da tsokar kafaɗa da ta baya.

Tsokar da ta fi girma da ƙarfi tana ɗuwawu da cinya. Tsokar ciki da ta baya kuwa su ne ɗamarar jiki, su ke riƙe ƙashin baya ya tsaya daidai.

Tsoka tana ƙaruwa da abu uku: aiki, abinci da hutu. In ɗaya ya rasa, ba ta ƙaruwa. Aiki yana ɗan gajiyar da ita, lokacin barci jiki ya gyara ta, ta fi da ƙarfi. Ciwon jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan ranar farko ta noma ba cuta ba ne. Tsoka ce ta haɗu da aikin da ta manta tun bara. Yakan wuce cikin ƴan kwanaki. Tsokar da ba ta aiki kuwa ramewa take. Duk wanda aka kwance wa ɗaurin karaya ya ga yadda hannun ya sirance.

Baya: jarin manomi

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sai biyu na ƙasa waɗanda suka haɗe daga ƙanana. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifai mai taushi, kamar gammo. Laka tana bi ta ramin da ke tsakiya, jijiyoyin saƙo suna fita daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu.

Ƙasusuwa 5 na kwankwaso su ke ɗauke da nauyin duk saman jiki. Nan ciwo ya fi zama. Wani lokaci faifan nan yakan bulluƙo ya danne jijiya. Sai mutum ya ji zafi yana sauka daga ɗuwawu har sha-raɓa, ko ƙafa ta riƙa mutuwa.

Ɗauki guga cike da ruwa, ka riƙe ta jikin cinyarka. Yanzu miƙa hannu da ita nesa. Ruwan bai ƙaru ba, amma nauyin ya ninka a jikinka. Haka yake ga baya. Kaya in ya yi nisa da jiki, baya ne ke biya.

Ga yadda za a ɗauki buhu ko dami:

1. Matsa kusa da kayan, ka ware ƙafafu.
2. Lanƙwasa gwiwa, ka rungumi kayan a jikinka.
3. Tashi da ƙarfin cinya, a hankali, ban da fizga.
4. Kada ka murɗa kwankwaso da kaya a hannu. In za ka juya, juya da ƙafafu.
5. Buhu mai kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kama biyu, ko a raba shi, ko a sa a amalanke.

Mai noma a duƙe ya riƙa miƙewa lokaci lokaci, ya dafa ƙugu, ya ɗan lanƙwasa baya. Inda ƙasa yashi ce, hauyar tsaye mai doguwar ƙota tana rage wa kwankwaso wahala. A rijiya mai zurfi, a riƙa karɓa-karɓa wajen jan wasaki. Mata masu ɗaukar ruwa da icce su sa gammo, su nemi mai ɗora musu da mai sauke musu. Tafiya biyu da rabin kaya ta fi tafiya ɗaya da ta bar mutum da ciwon wuya.

Yawancin ciwon baya yakan yi sauƙi cikin ƴan satuttuka. A da ana cewa a kwanta. Yanzu likitoci sun gane doguwar kwanciya tana ƙara shi. Ka rage aiki mai nauyi, amma ka riƙa ɗan takawa. Sai dai akwai alamun da ba a jira da su: ƙafa ta rasa ƙarfi, tsakanin cinyoyi ya mutu, fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ciwon baya tare da zazzaɓi da rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa. Cutar tarin fuka tana iya kama ƙashin baya, kuma tana da magani. Mai irin waɗannan alamu a kai shi likita nan da nan.

Darasi daga filin kokowa

Tun da aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa a shekara ta 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, samarin ƙauyuka da yawa suna mafarkin ɗaukar takobi. Ku lura da tsayuwar gwanin kokowa: ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ƙasa. In zai ɗaga abokin karawa, sai ya manne da shi, ya tashi da cinya. Abin da muka faɗa game da buhu ke nan.

Ga samari masu kokowa, langa, dambe ko ƙwallo:

- Kafin wasa, a ɗumama jiki minti 5 zuwa 10: ɗan gudu, juya kafaɗa, durƙuso da tashi. Tsoka mai ɗumi ta fi jure ja. Manomi ma ya fara kuyyar farko a hankali.
- A ƙara nauyin horo kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.
- A horar da gaba da baya, dama da hagu. Kada a tsaya ga ƙwanji kawai, a manta cinya da ciki.
- A sha ruwa kafin aiki, cikin aiki da bayansa. Gajiya da zufa mai yawa sukan sa tsoka ta ɗaure. In ta ɗaure, a miƙar da ita a hankali.
- A bar jiki ya huta. Kada a koma fili da gaɓa mai kumburi.

Akwai wata magana da ya kamata mu faɗa a fili. Wasu samari suna shan ƙwayoyi irin su tramol domin su yi aiki ba gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Zafi kawai take ɓoyewa. Zafi kuwa ɗan saƙo ne, shi ke gaya maka ka tsaya. Wanda ya toshe bakin ɗan saƙo zai ci gaba da aiki a kan rauni har ya lalace. Ƙwayar tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma sa faɗuwa kamar farfaɗiya.

Targaɗe, gocewa da karaya

Targaɗe shi ne jijiyar gaɓa ta miƙe fiye da kima ko ta ɗan yage. Ya fi samun idon sawu. A huta da ƙafar, a sa tsumma mai ruwan sanyi, a naɗe ba da matsi ba, a ɗaga ta sama. Kwana biyun farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza da ƙarfi. In zafi ya ragu, a fara takawa a hankali. In mutum ya kasa taka ƙafar ko taki huɗu, ana bukatar hoto.

Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga mazauninsa. Kada a ja da ƙarfi, domin jijiyar jini da ta saƙo suna kusa, kuma wataƙila akwai karaya tare. A rataye hannun da ƙyalle a je likita.

Karaya kuwa jiki ne da kansa ke haɗa ta. Jini yana taruwa a wurin, sai wani abu mai taushi ya haɗa bakin biyu, sannan ya zama ƙashi. Ga yaro yakan ɗauki sati 3 zuwa 6. Ga babba sati 6 zuwa 12, ƙashin cinya da na ƙauri sukan fi haka. Aikin likita ko maɗori shi ne daidaita ƙashin da hana shi motsi. Taba tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Mun san a ƙauyukanmu maɗori ake fara nema, kuma akwai masu ɗori da suka gaji sana'ar. Amma ga haɗarin da kowane uba ya kamata ya sani. Bayan karaya, wurin yana kumbura kwana biyu ko uku. In an ɗaure da karare da tsumma tam, kumburin ba shi da wurin zuwa. Sai hanyar jini ta toshe. Tsokar da ba ta samun jini tana fara mutuwa cikin awoyi kaɗan. Daga nan hannu ya shanye, ko ya ruɓe har a yanke shi. Wannan ya fi samun yara da suka karye kusa da gwiwar hannu, bayan faɗowa daga jaki ko bisa icce.

Saboda haka, ko wa ya yi ɗaurin, a bar yatsu a waje, a riƙa duba su dare da rana. In zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, in yaro ya yi ihu da an miƙa yatsunsa, in yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canja launi ko sun mutu, a sassauta ɗaurin nan take, a tafi likita. Kada a ce a jira gobe. Kada a ce yaro raki ne gare shi.

Waɗannan kuwa kai tsaye likita za a nufa da su:

1. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko akwai rauni a wurin. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da toka, ƙasa ko kashin shanu: suna kawo ruɓa da tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.
2. Karayar cinya ko ƙugu, domin jini mai yawa yana zuba a ciki.
3. Karaya a cikin gaɓa ko kusa da ita, musamman ga yaro.
4. Wanda ya faɗo daga icce, raƙumi ko moto, ko aka kayar da shi ta ka, yana kukan wuya ko baya. Kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a bayan moto. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jiki, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, a ɗauke shi a miƙe. Lakar da ta tsinke ba ta haɗuwa.

Ƙaramin gidan likita zai tura ku inda ake hoto da aikin ƙashi, kamar manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, ko asibitin Galmi.

Yara, ƴan mata da abinci

Ƙashin yaro yana tsawo ta wani guringuntsi da ke kusa da bakinsa biyu. Wurin ba ya rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 20. Yana da rauni, kuma in ya lalace ƙafa ko hannu na iya fitowa gajere ko a karkace. Yaro ya yi gudu, ya yi wasa, ya taimaka da aikin da ya yi daidai da shi. Amma kada a ɗora masa kayan babba.

Ƙashin ƙugun yarinya yana ci gaba da faɗi shekaru bayan ta fara al'ada. In ta ɗauki ciki kafin ya gama, kan jariri yana iya kasa wucewa. Doguwar naƙuda ke nan, mai kawo yoyon fitsari ko asarar rai. Iyaye su yi tunani a kan wannan.

Abincin ƙashi yana kusa da mu: nono da kindirmo, cuku, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, garin kuka, zogale da riɗi. Abincin tsoka: wake, gujiya, ƙwai, nama, kifi, fara da nono. Hatsi yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai bai isa gina jiki ba. Fura da nono ta fi fura da ruwa. Makiyayi kada ya sayar da nono duka, ya bar na yara da na mai ciki da mai shayarwa. Hasken rana a fata yana taimaka wa jiki ya karɓi kalsiyom. Mata masu zaman ɗaka da jarirai su riƙa samun ɗan hantsi. Kuma a kai yara rigakafin shan inna, cutar da ke kashe jijiyar saƙo har tsoka ta shanye.

Tambayoyi domin masu karatu

Malamin yaƙi da jahilci ya tattauna waɗannan da ɗalibansa:

1. Ƙashi nawa ne a jikin babban mutum?
2. Me ya sa tsoka ke aiki bibbiyu?
3. Yaya ake ɗaukar buhu ba a cuci baya ba?
4. Waɗanne alamu ke nuna ɗaurin karaya ya yi matsi?
5. A garinku, wane aiki ya fi kawo ciwon baya, kuma wace dabara za ku yi tare domin rage shi?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali da cikin gida, har da maɗorin gari. Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.